Amsa: Ɗalibai su riƙa duba aikin juna?

Malama, kin tambaya ko ya dace ki bar 'yan SS2 su riƙa duba insha'in junansu, tunda sun yi miki yawa. E, ki bar su, amma kada makin da suka ba juna ya shiga rajistar gwaji. Nasu gyara ne da fensir, jan biro yana hannunki.

Sharaɗin shi ne ki rubuta a allo abin da za su nema kafin a musanya litattafai. Da na fara a ajina a nan Jos ban yi haka ba, sai aboki ya cika wa aboki maki, wata yarinya kuwa ta kife kai a kan tebur tana kuka don an rubuta mata "rubutun kaza". Abin ya dame ni sosai. Yanzu abubuwa 4 da WAEC ke dubawa a insha'in Turanci nake ba su: ƙunshiya, tsari, iya bayani da ƙa'idojin rubutu. Kowa ya fara auna nasa tukuna, sannan ya nuna wa ɗan'uwansa layin da ya burge shi kafin ya taɓa kuskure.