Amsa: Yaya rayuwar ƙauye take a Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya?

Assalamu alaikum jama'a. 'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce kin ci karo da hotunan ƙauyukan Ingila masu gidajen jinka da furanni a bakin ƙofa, kina son ki san yadda mutanen wuraren suka rayu a zamanin Sarauniya Biktoriya, wace sana'a suke yi, kuma ko da gaske ne coci ne ke juya ƙauye. Bari in sa baki, domin aiki ya zaunar da ni shekaru a wani ƙauye na lardin Dorset, kudu maso yammacin Ingila, kuma a can na shiga cikin tsofaffin garin masu kwafe tsoffin rajistoci suna zubawa a kwamfuta.

Abin da za ki fara riƙewa shi ne, daga 1837 zuwa 1901 da sarauniyar ta yi mulki, mafi yawan mutanen ƙauye ba su da gona. Ko taki ɗaya. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni wuyar ganewa, domin mu idan an ce manomi, to mai gona ake nufi, komai ƙanƙantarta. A can hawa uku ne. Akwai mai ƙasa, wanda sau da yawa ƙauyen gaba ɗaya nasa ne, har da gidajen da mutane ke kwana. Akwai mai hayar gona, wanda ke biyan mai ƙasa kuɗin haya ya noma eka ɗaruruwa. A ƙasa kuma sai 'yan ƙodago, su ne jama'ar gari. Lissafin masu mallakar ƙasa da gwamnati ta yi a 1873 ya nuna mutane wajen 7,000 ne ke riƙe da kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Birtaniya. Idan kika buɗe takardar ƙidaya ta 1851, wadda ta rubuta sunan kowa da shekarunsa da garin haihuwarsa da sana'arsa, za ki ga layi bayan layi an rubuta "Ag Lab", wato leburan gona. Uba, ɗansa mai shekara ashirin, ƙanensa mai shekara goma, duk abu ɗaya. Ina kwafewa har hannuna ya saba, ba na ma dubawa sau biyu.

Lada kuwa, kakanninmu za su gane lissafin, tunda irin kuɗin da aka kashe a Nijeriya ne har 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. James Caird, wanda ya zagaya gonakin Ingila a 1850 da 1851, ya samu cewa lebura a kudu yana karɓar kimanin sule 8 da kwabo 5 a mako, na arewa kuma sule 11 da sisi, saboda a arewa masana'antu da ramukan kwal suna ja da masu gona wajen neman hannu. Dorset tana cikin na can ƙasa. Da wannan za a ciyar da mata da 'ya'ya biyar ko shida. Abincin yau da gobe burodi ne da dankali da ɗan cuku da shayi mai ruwa-ruwa. Nama sai alade ɗaya da ake kiwo a bayan gida a yanka da sanyi, a zuba masa gishiri ya kai su wata da watanni, wani lokaci ma rabinsa an riga an ci bashin mai kanti a kansa. Bayan girbin alkama mata da yara su fita kala, kuma abin da suka tsinto yakan zama garin burodin gida na makonni. A wasu ƙauyuka har ƙararrawar coci ake bugawa don kowa ya shiga kala lokaci ɗaya, kada masu ƙarfi su riga tsofaffi.

Gidajen da kika gani a hoto suna da kyau, ban musa ba. Na shiga da yawa daga cikinsu. Sai mutum ya sunkuya a ƙofa, ciki ɗaki ɗaya ne a ƙasa mai murhu, sai tsani mai tsaye zuwa ɗaki ɗaya ko biyu a ƙarƙashin jinka. Yau an haɗe gida biyu ko uku ya zama na mutum biyu masu kuɗi. A da kuwa takardar ƙidaya za ta nuna miki mutum tara a ɓangare ɗaya, har da ɗan haya. Ƙauyen Milton Abbas, wanda hotonsa ya cika intanet, wani mai ƙasa ne, Joseph Damer, ya gina shi tun kafin zamanin Biktoriya, bayan ya rushe tsohon garin saboda yana tare masa kallo daga katafaren gidansa. Kowane gini da ake gani kamar gida ɗaya, a da na iyali biyu ne. Abin da ya fi nauyi shi ne sau da yawa gidan haɗe yake da aikin. Ranar da mai gona ya sallame ka, ranar ka rasa wurin kwana. A Dorchester, babban garin Dorset, a lokacin akan yi kasuwar ɗaukar ma'aikata ranar 14 ga Fabrairu. Makiyayi ya tsaya da sandarsa mai lanƙwasa, mai tuƙa dawakin amalanke ya ɗaura igiyar bulala a hularsa, mai jinka ya soke karan alkama a tasa, masu gona suna zagayawa suna dubawa. Wanda aka ɗauka, ranar 6 ga Afrilu zai loda gado da tukwane da yara a amalanken sabon ubangidansa ya koma wani ƙauye. Shi ya sa a ƙidaya za ki ga iyali ɗaya, kowane yaro da garin haihuwarsa daban.

Masu sana'ar hannu sun ɗan fi samun sarari, domin ba a ƙarƙashin mutum ɗaya suke ba. Maƙeri ne kan gaba, tunda duk aikin gona doki ke jan sa, kuma doki sai da takalmin ƙarfe. Sai mai ƙera ƙafafun amalanke, aikin da ke buƙatar itace iri uku a ƙafa ɗaya, kuma shi da maƙeri ne ke haɗuwa su zura zoben ƙarfe mai zafi a kan ƙafar su kwara ruwa ya matse. Akwai baduku mai sirdi da linzami, mai ɗinkin takalma, mai jinka, mai niƙa da injin ruwa, mai saƙa shinge, da mai amalanken haya da ke zuwa birni ranar kasuwa, a ba shi saƙo da sautu. Kafinta shi ne kuma mai yin akwatin gawa.

Sana'ar mata ba ta cika fitowa a takardu ba, amma ita ke cike giɓin ladan miji. A gabashin Dorset mata da yara suna saƙa maɓallai da zare a kan ɗan zobe, har injin yin maɓalli ya shigo a wajajen 1851, sana'ar ta mutu cikin 'yan shekaru, gidaje da yawa suka shiga yunwa. A kewayen Bridport raga suke saƙawa, a wajen Yeovil safar hannu ta fata, a Honiton ta lardin Devon kuma leshi, wanda da shi aka ƙawata rigar auren sarauniyar a 1840. Yarinya kuwa da ta kai sha biyu ko sha uku, aikatau za a tura ta gidan mai gona ko birni, bakin ci ɗaya ya ragu.

Yanzu batun coci. E, gaskiya ne, kuma ya wuce batun ibada. An raba ƙasar Ingila gunduma-gunduma, kowace da cocinta na Angilikan da limaminsa, kuma wannan gundumar ita ce ƙaramar hukuma. Taron masu biyan haraji, wanda limami ke shugabanta, shi ke zaɓen wakilan coci biyu, da masu tattara harajin talakawa, da mai kula da hanya. Limami yana cin kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona, wanda dokar 1836 ta mayar da shi kuɗi. A wurare da yawa mai ƙasa ne ke da ikon naɗa limamin, wani lokaci ƙanensa ko ɗansa yake ba wa, kuma limamai da dama alƙalan sulhu ne. Ke nan mutumin da ya yi maka wa'azi ranar Lahadi zai iya yanke maka hukunci ranar Talata don ka kama zomo a dajin mai ƙasa. A cikin cocin ma zama bisa matsayi ne: iyalin mai ƙasa a gaba cikin kujera mai ƙofa, masu hayar gona a bayansu, lebura a can baya kan benci. Bargo da kwal da miya da ake rabawa da sanyi ta hannun matar limami suke bi, kuma ta san wanda yake zuwa coci da wanda ba ya zuwa.

Amma zan zalunce su idan na ce duk haka suke. Sidney Godolphin Osborne, limamin Durweston, ya shafe shekaru yana rubuta wa jaridar Times wasiƙu a kan halin da leburan Dorset ke ciki, masu gona suka tsane shi. Henry Moule na Fordington bai gudu ba lokacin annobar kwalara ta 1849 da 1854, yana shiga gidajen marasa lafiya, daga baya ya ƙirƙiro wani irin masai da ake rufe ƙazanta da busasshiyar ƙasa, ya yi masa rajista a 1860. Makarantar ƙauye ma yawanci coci ne ya gina ta tun kafin dokar ilimi ta 1870. Littafin da shugaban makaranta ke rubuta abin da ya faru kullum yana daga cikin abubuwan da na fi son karantawa: yara ba su zo ba sun tafi korar tsuntsaye, ba su zo ba ana tsintar dankali, ba su zo ba ruwa ake yi kuma ba su da takalma. Sai 1880 aka tilasta zuwa makaranta, sai 1891 aka daina biyan kwabon makaranta na mako-mako. Sakamakon yana nan a rajistar aure. A shekarun 1840 ango da amarya da shaidu sau da yawa alamar X suke yi, zuwa 1890 kusan kowa yana rubuta sunansa, ko da hannun yana rawa.

Talaka da ya gaji da zaman baya yana da inda zai je, wato 'yar majami'ar Metodis, wadda sau da yawa lebura ne suka tara kwabo suka gina, kuma ɗaya daga cikinsu ne ke hawa ya yi wa'azi. Ƙidayar masu zuwa ibada ta ranar 30 ga Maris 1851 ta girgiza manyan Angilikan, don ta nuna kusan rabin waɗanda suka fita ibada ba cocinsu suka je ba. Duk da haka sai 1868 aka daina tilasta wa kowa biyan harajin gyaran coci, kuma sai 1880 aka yarda ɗan Metodis ya binne mamacinsa a maƙabartar gunduma da addu'ar ɗarikarsa. A waɗannan majami'u lebura ya koyi tsayuwa gaban jama'a ya yi magana. George Loveless na Tolpuddle mai wa'azin Metodis ne. Shi da mutum biyar aka yanke wa shekara bakwai a Ostareliya a 1834, don sun yi rantsuwar kafa ƙungiya bayan an rage ladansu zuwa sule 7. Na tsaya a gindin bishiyar da suke taruwa, tana nan har yau a tsakiyar ƙauyen. Joseph Arch, mai gyaran shinge daga Barford, wanda ya kafa ƙungiyar leburan gona ta ƙasa a 1872 kuma ya shiga majalisa a 1885, shi ma daga mumbarin Metodis ya fito.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne ƙarshen rayuwa. Dokar 1834 ta haɗa gundumomi ta gina musu gidan gajiyayyu, aka kuma tsananta zaman cikinsa da gangan don kada kowa ya so shiga. Ana raba miji da mata, ana raba uwa da 'ya'ya, a ba kowa rigar gidan da aikin fasa dutse ko warware tsohuwar igiya. A rajistar binne matattu nakan ga sunan dattijon da na bi tun aurensa, na ga haihuwar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya yi shekara hamsin yana noma gonar wani, sai in tarar a gurbin mazauni an rubuta gidan gajiyayyu. Babu fanshon tsufa sai bayan rasuwar sarauniyar, a 1909. Shi ya sa ko da ƙyar suke ci, maza suna zuba kwabo a ƙungiyar taimakon juna, don a samu na jinya da na akwatin gawa, kada gunduma ta binne mutum.

Daga tsakiyar shekarun 1870 alkamar Amurka mai araha ta cika kasuwa, damina ta ɓaci a 1879, masu gona suka mayar da filayen alkama makiyaya suka rage ma'aikata. Lebura ya samu ƙuri'a a 1884, dokar 1894 kuma ta karɓe harkokin mulki daga taron coci ta ba majalisar gunduma da ake zaɓa a duk ƙauyen da ya kai mutum 300. Amma kafin nan samari sun riga sun kama hanya: aikin jirgin ƙasa, aikin ɗan sanda, soja, ramukan kwal na Wales, ko jirgin ruwa zuwa Kanada da Ostareliya da New Zealand. A ƙauyen da na zauna, idan kika jera ƙidayar 1871 da ta 1901 za ki ga mutane sun ragu sosai, sunayen dangi da suka cika shafuka sun koma tsohuwa ɗaya ko biyu, masu ɗinkin takalma sun ɓace saboda na masana'anta ya fi araha, maƙeri kuma ya fara haɗawa da gyaran keke.