Me ya sa madobiya ke ƙarewa, ɓera kuwa ko gezau?

Tambaya: Malam, hankalina a tashe yake. Masu sayen katako sun ce in an sare madobiya kututturenta zai tofo, wai ai ɓera ma kullum kashe shi ake yi bai ƙare ba. Gaskiya ne, ko ɓarna muka yi wa 'ya'yanmu?

Amsa: Ɗan'uwa, damuwarka tana kan hanya. Macen ɓeran gida tana ɗaukar ciki na kwana 19 zuwa 21, ta haifi biyar ko shida ko fiye, 'ya'yan su balaga cikin mako shida zuwa takwas. Uwa ɗaya kan haihu sau biyar zuwa goma a shekara, shi ya sa giɓin da tarko ya yi kan cike cikin 'yan watanni. Madobiya kuwa sai ta shafe gomman shekaru kafin ta yi kaurin da ake nema. Tun 2017 take cikin rukuni na biyu na CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai don kada su ƙare, saboda yadda ake kwasarta zuwa ƙasar Sin don kayan ɗaki.

Maganar "zai tofo" ɗin nan ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, kullum sai na ji ta. E, kututturen yana tofowa. Sai me? Tohon ganye ne mai daɗi ga dabbobi, awaki da shanu su cinye shi. Abin da ya tsira gobarar daji ta lashe da rani. Wanda ya kuɓuta ya fito da rassa barkatai, sirara, babu gangar jiki ko ɗaya. Ga shi masu sara manyan miƙaƙƙun suke zaɓa, wato iyayen iri. Sauran kuma ana sassabe musu rassa don kiwo, ba a barinsu su yi 'ya'ya sosai. To daga ina sabon tsiro zai fito? Dillalin da ya gaya maka haka ya loda motarsa ya tafi, ba zai dawo ya duba kututturen ba.

In kana da kututture mai rai, rage tohon ka bar ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, ka kewaye shi da ƙaya, ka share ciyawar gindinsa kafin lokacin gobara. Manyan da suka rage kada a taɓa su. In shuka za ka yi, ɓare irin daga kwansonsa mai ƙaya, ka jiƙa shi kwana ɗaya, ka shuka a doguwar leda, domin saiwarsa ƙasa take nutsawa kuma ba ta son a tsinka ta wajen dashe.