Fatawa: Hukuncin Sana'ar Hoto, Wasan Foka da Kallon Fim

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne mazaunin Samaru a nan Zariya, kuma da kyamara nake neman abinci. Ina ɗaukar hoton fasfo ga ɗalibai, ina zuwa wuraren biki da suna, da Sallah kuma ina ɗaukar hawa. Da dare mukan zauna a majalisa da abokaina, wasu suna wasan kartar nan da ake kira foka, wani lokaci a kan tabarma wani lokaci a waya, ana zuba naira 500 ko 1,000, wasu kuma suna kallon fim. Kwanan nan gardama ta kaure tsakaninmu. Wani ya ce na fi su zunubi, domin masu hoto su ne mafiya tsananin azaba ranar Alƙiyama, foka kuwa ƙwarewa ce ba caca ba. Wani kuma ya ce duka ukun nishaɗi ne, babu laifi a cikinsu. Ina roƙon Malam ya warware mana, domin hankalina ya tashi game da abin da nake ciyar da iyalina.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka kawo maganar inda za a auna ta da hujja. Abokanka biyu duk sun yi kuskure, kuma tushen kuskurensu ɗaya ne, wato yanke hukuncin halal da haram a bakin hira da "a ganina". Allah Maɗaukaki ya hana wannan a Suratun Nahli, aya ta 116, inda ya ce kada mu riƙa faɗa da harsunanmu bisa ƙarya cewa wannan halal ne wannan kuma haram ne, domin mu ƙirƙira wa Allah ƙarya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, domin wanda ya haddace hadisi guda bai san sauran hadisan babin ba yana iya haramta wa ɗan'uwansa abincinsa, alhali shi kansa yana zaune cikin abin da Alƙur'ani ya haramta ƙarara. Abubuwan nan uku ba matsayinsu ɗaya ba, saboda haka zan fara da wanda babu saɓani a kansa.

Foka da ake zuba kuɗi a cikinta caca ce, kuma haramun ce da nassin Alƙur'ani da ijma'in malamai, ko a kan tabarma aka yi ta ko a cikin waya, ko naira 500 aka zuba ko miliyan. A Suratul Ma'ida, aya ta 90, Allah ya jera caca tare da giya da gumaka da kiban ƙuri'a, ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya ce a nisance su. A aya ta 91 kuma ya bayyana cewa Shaiɗan yana so ne ya jefa gaba da ƙiyayya tsakaninmu ta hanyar giya da caca, ya kuma kange mu daga ambaton Allah da salla. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ce wa abokinsa "zo mu yi caca" to ya yi sadaka. Idan gayyata kawai tana bukatar a goge ta da sadaka, to ka auna matsayin wanda ya zauna aka raba masa kati, ya zuba kuɗinsa, ya kwashe na wasu.

Maganar cewa foka ƙwarewa ce ba ta canza komai ba, kuma ina so ka fahimci dalilin sosai, domin ita ce shubuhar da ta fi yaudarar masu ilimin zamani. Gaskiya ne ɗan wasan da ya iya lissafin katuna 52, ya kuma iya karanta fuskar abokin wasansa, yakan fi wanda bai iya ba samun nasara idan an daɗe ana yi. Amma malaman fiƙihu ba su rataya haramcin caca a kan rashin ƙwarewa ba. Abin da suka duba shi ne siffar yarjejeniyar: kowane ɗan wasa ya sa dukiyarsa yana tsakanin ya ci ko a cinye shi, kuma abin da ɗaya ya samu shi ne daidai abin da sauran suka rasa, ba tare da wata haja ta canza hannu ko wani aiki ya amfani kowa ba. Wannan shi ne cin dukiyar mutane da ɓarna da aka hana a Suratun Nisa'i, aya ta 29. Tseren dawaki ya fi foka bukatar ƙwarewa nesa ba kusa ba, kuma yana cikin abubuwa ukun da hadisi ya halatta sa lada a kansu, tare da tseren raƙuma da harbin kibiya. Duk da haka a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda Shaihu Khalil ya kawo a Mukhtasar, idan mahayan biyu kowa ya fitar da kuɗinsa a kan wanda ya yi nasara ya kwashe duka, to bai halatta ba. Idan an hana wannan a abin da yake shiri ne na jihadi, ina ga wasan da babbar gwanintarsa ita ce ka sa abokinka ya gaskata abin da ba shi ne a hannunka ba?

Kada kuma wani ya ce ai kuɗin shayi da burodi ake saya wa majalisa da shi. Malaman tafsiri sun bayyana cewa cacar Larabawa a jahiliyya ana yin ta ne da kibau 10 a kan raƙumin da aka yanka, 7 suna da rabo 3 ba su da shi, waɗanda kibansu suka fito babu rabo su biya kuɗin raƙumin, waɗanda suka ci kuwa sukan raba naman ga matalauta suna alfahari da haka. Wannan cacar mai kama da kyauta ita ce Alƙur'ani ya sauka yana haramtawa, bayan ya riga ya faɗa a Suratul Baƙara, aya ta 219, cewa akwai wasu amfanoni a cikinta ga mutane amma zunubinta ya fi amfaninta girma. Ta waya kuwa ta ƙara muni, domin mai manhajar yana cire kasonsa a wasan ko wa ya ci, babu dare babu rana, kuma babu idon dattijo da zai sa mutum ya ji kunya ya tashi. Wannan hukuncin ya haɗa da cacar ƙwallo da shagunanta suka yawaita a garuruwanmu.

Wanda ya tuba, abin da ya ci daga abokansa sai ya mayar musu tunda ya san su, abin da ya ci daga waɗanda bai sani ba kuma ya rabu da shi ta hanyar ba matalauta ko wani aikin amfanin jama'a, da niyyar tsarkake dukiyarsa. Bashin caca ba bashi ba ne a shari'a, ba a bin sa kuma ba a biyan sa. Karta ba tare da kuɗi ba kuwa malamai sun yi saɓani a kanta, da yawa sun hana ta ta hanyar ƙiyasi a kan nardu, wani wasa da ake yi da jefa 'yan ƙwayoyi masu lamba, wanda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Musa al-Ash'ari cewa mai wasa da shi ya saɓa wa Allah da Manzonsa. Abin da nake ba da shawara shi ne a bar ta, musamman a majalisar da aka riga aka saba zuba kuɗi, domin katin da aka raba yau babu kuɗi shi ne za a raba gobe da kuɗi.

Yanzu sai sana'arka. Hadisin da abokinka ya kawo ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abdullahi ɗan Mas'ud, kuma babu Musulmin da zai yi wasa da shi. Sai dai akwai wasu hadisai a babin, kamar hadisin Abu Ɗalha wanda ya togace zanen da ke jikin tufa, da hadisin Nana A'isha a kan labule mai hotuna da ta yanka aka yi matasai da shi. Da malaman Malikiyya suka haɗa waɗannan ruwayoyi, sai suka fitar da tafsili wanda Shaihu Ahmad ad-Dardir ya taƙaita a babin walima: surar abu mai rai tana haramta idan tana da jiki mai inuwa kamar gunki, kuma gaɓoɓinta sun cika, wadda ba ta da inuwa, kamar zane a takarda ko a bango, ba ta kai haramun ba, makaruhi ce idan ba a wulaƙanta ta ba, surar bishiya da gini da abin da ba shi da rai kuwa halal ce. Sauran mazhabobi sun fi tsanantawa a kan zanen hannu ko da ba shi da inuwa.

Dardir ya rasu a 1786, fasahar ɗaukar hoto kuwa ba a sanar da duniya ita ba sai a 1839 a Faransa, don haka hukuncin kyamara ijtihadi ne na malaman baya-bayan nan, kuma sun rabu. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya tafi a kan halacci, yana mai cewa mai kyamara ba ya ƙaga wata siffa don ya yi koyi da halittar Allah, abin da yake yi shi ne tsare inuwar halittar da Allah ya riga ya yi, kamar yadda take bayyana a madubi. Shaihu Ibn Baz da Shaihu Albani sun tafi a kan hani sai da larura, irin hoton fasfo da katin shaida, domin a wurinsu lafazin hadisan ya game kowace sura. Shaihu Ibn Usaimin ya ga cewa ɗaukar hoto nan take da na'ura ba ya shiga cikin suranta abu da hadisan suka yi narko a kai, amma hukuncinsa yana bin manufar da aka ɗauke shi dominta. Abin da na rinjayar shi ne halacci, saboda ƙarfin dalilin Muɗi'i da kuma dacewarsa da asalin mazhabarmu a kan abin da ba shi da inuwa. Wanda ya bi masu hani don tsantseni ya yi kyau, amma ba shi da ikon ya jefa ka cikin masu tsananin azaba a kan mas'alar da manyan malamai suka yi saɓani.

Saboda haka kuɗin hoton fasfo da na takardun makaranta da na maniyyata aikin Hajji halal ne ba tare da wata damuwa ba, haka ma hotunan hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau, da na gine-ginen tarihi da na kayan 'yan kasuwa. Inda nake ji maka tsoro shi ne wajen biki, kuma a nan ne ya kamata hankalinka ya tashi. Namiji baligi ya shiga tsakiyar mata ranar kamu ko wajen dina, suna cikin kwalliya kawuna a buɗe, yana gyara wa wannan tsayuwa yana ce wa waccan ta juyo, sannan ya koma shago ya kwana yana ƙura wa fuskokinsu ido a kwamfuta, wannan ya saɓa wa umarnin runtse ido da ke Suratun Nur, aya ta 30, kuma kasancewar kyamara tsakaninka da su bai ɗauke maka umarnin ba. Irin wannan aikin ka bar wa mata masu sana'ar, ko ka tsaya a ɗaurin aure da taron maza. Hoton kafin aure da ake sa saurayi da budurwa su rungumi juna ko su riƙe hannu haramun ne a kansu, domin baiko ba aure ba ne, kuma mai ɗaukar ya yi tarayya da su a zunubin, kuɗin da ya karɓa a kai ba mai tsarki ba ne.

Hoton mutum kuma amana ce a hannunka. Bai halatta ka ɗora hoton matar wani ko 'yar wani a Facebook ko Instagram don tallar aikinka ba tare da izini ba, kuma ko da izini bai halatta ba idan akwai tsiraici a ciki. Gyaran haske da launi babu laifi, amma sauya kamannin mutum a hoton da za a kai wa mai neman aure algus ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ina kuma roƙonka da sauran masu riƙe da waya ku ji tsoron Allah game da ɗaukar waɗanda suka yi haɗari a hanya da gawarwaki a wajen jana'iza, domin alfarmar Musulmi ba ta faɗuwa don ya ji rauni ko ya mutu, kuma babu zaluncin da ya kai uwa ta fara ganin gawar ɗanta a wayar maƙwabta.

Fim kuwa hukuncinsa yana bin abin da ke cikinsa da abin da yake jawowa. Musulunci bai hana nishaɗi ba, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya yana kare Nana A'isha tana kallon Habashawa suna wasa da mashi a masallaci. Fim na ilimi ko tarihi ko labari mai tsabta halal ne matuƙar bai ci lokacin salla ko haƙƙin iyali ba. Wanda aka gina shi a kan tsiraici, ko rawar maza da mata, ko girmama bokaye, ko izgili da addini, kallonsa haramun ne, ko na Hausa ne ko na Indiya da aka fassara ko na Amurka. Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai tun 2001, amma mafi yawan abin da ke shigowa ta intanet ba ya bi ta hannun kowace hukuma, don haka nauyin tacewar yana wuyan mai riƙe da wayar, da kuma uban da ya saya wa ɗansa ita.

Game da zamanka a majalisar, idan an fito da kati da kuɗi ka yi musu nasiha da taushin harshe, ka karanta musu ayoyin Ma'ida guda biyun nan. Idan sun bari ka zauna da su, idan sun ƙi ka tashi har sai sun gama, ba tare da ka yanke gaisuwa da zumunci da su ba.

Wallahu a'alamu.