Na cire manhajar talla, washegari ta dawo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kwamfutar tebur ce da ni mai Windows 11, ni da yarana muke amfani da ita. Tun ranar da babban ɗana ya sauke wata manhajar kyauta ta rage nauyin bidiyo ban sake samun sukuni ba. Tallace-tallace na ta ɓullowa a kusurwar allo ta ƙasa ko da ban buɗe komai ba, wasu ma ba su dace yara su gani ba. In na buɗe Chrome sai ya kai ni wani shafin bincike da ban sani ba. Na ga wani baƙon ƙari (extension, ƙaramar manhajar da ake liƙa wa burauza) a cikin burauzar na cire shi, washegari ina kunnawa sai ga shi ya dawo. Manhajar riga-kafi ta bincika ta ce ba komai. Yanzu kuma Chrome yana rubuta wai wata ƙungiya ce ke kula da shi, alhali kwamfutar gida ce. Shin sai na goge komai na sake ɗora Windows? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki yi gaggawar goge komai, ba a kai nan ba tukuna. Kuma kada a yi wa yaron faɗa da yawa, domin tarkon an ɗana shi ne da gangan: manhajar kyautar tana zuwa da wasu a goye, an riga an sa alamar amincewa a ƙananan akwatuna, mutum yana ta danna "gaba" cikin sauri sai ya karɓe su duka. Shi ya sa ma riga-kafinki ya yi shiru. A wajensa ba ƙwayar cuta ba ce, manhaja ce da mai kwamfuta ya yarda ya ɗora.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarki shi ne dawowar da ƙarin ya yi. Abin da kika cire ganye ne, saiwar tana ƙasa. Akwai wani abu a cikin Windows da aikinsa kawai ya mayar da shi duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Sai an gano wannan abin za a huta, don haka jerin aikin yana da muhimmanci: a fara da Windows, a ƙare da burauza. In aka yi akasin haka, wahalar banza ce.

Ki fara kwafe hotuna da takardunki masu muhimmanci zuwa filas. Sai ki shiga Settings, ki zaɓi Apps, sannan Installed apps, ki jera manhajojin bisa ranar da aka ɗora su. Ki nemo ranar da yaron ya sauke tasa. Duk abin da ya shigo a ranar nan wanda ba ku san shi ba, ki cire shi, har da ita manhajar bidiyon. Sunayensu kan yi kama da na masu taimako, mai sa kwamfuta sauri, mai neman rangwame, mai sabunta direbobin kwamfuta (drivers). Lokacin cirewar ki karanta kowane saƙo a tsanake, don wasu sukan juya tambayar ta yadda in kika danna "e" kin amince ne su zauna.

Daga nan sai wurin da na fi zargi. Ki danna maɓallin Windows tare da harafin R, ki rubuta taskschd.msc a akwatin da ya fito. Wannan shi ne Task Scheduler, inda Windows ke ajiye ayyukan da aka tsara su riƙa gudana da kansu. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya, kina duba sashen Actions na kowanne, a nan ake ganin ainihin abin da yake kunnawa. Na Microsoft da Google da kamfanin firintarki za ki gane su. Wanda za ki tsaya a kansa shi ne mai suna marar ma'ana, ko mai kwaikwayon sunan sabunta Chrome, wanda yake nuni zuwa wani fayil a cikin foldar AppData ko Temp, ko yake kiran powershell, wato manhajar ba Windows umarni a rubuce, da doguwar jimla ta haruffa barkatai, an kuma sa shi ya tashi duk lokacin da aka shiga kwamfuta ko bayan 'yan mintoci. In kina shakka, kada ki goge. Ki danna masa dama ki zaɓi Disable, ya zauna a kashe. In daga baya ya zama na kirki ne, sai ki mayar. Haka za ki yi a Task Manager, wanda ake buɗewa da Ctrl da Shift da Esc a tare, a sashen manhajojin da ke tashi da kwamfuta.

Yanzu ki sauke AdwCleaner. Kyauta ce, ba a ma ɗora ta, kunnawa kawai ake yi, kuma don irin wannan matsalar aka ƙirƙire ta. Kamfanin Malwarebytes ya saye ta a 2016, saboda haka daga shafinsu kaɗai za ki ɗauko ta, ki rubuta adireshin da hannunki. Ina jaddada wannan ne domin shafin binciken da aka liƙa miki zai iya nuna miki na jabu a sama. Kafin ki sa ta bincike, ki shiga saitinta ki kunna gyaran dokokin Chrome da na proxy. Wannan ne maganin rubutun nan na "ƙungiya". Kamfanoni da makarantu suna da hanyar tilasta wa burauzar ma'aikatansu wasu ƙari da saituna, masu manhajar talla kuwa sun ari hanyar don su hana a taɓa nasu. In kika rubuta chrome://policy a wurin adireshi za ki gan su a jere. In kin ga ExtensionInstallForcelist a kwamfutar gida, to shi ne mai dawo da ƙarin nan. Wasu manhajojin riga-kafi na gaskiya ma sukan sa dokarsu a can, don haka ki duba abin da dokar ke nuni gare shi.

Bayan kwamfuta ta sake tashi, sai a zo kan burauza. Ki cire ƙarin a chrome://extensions, sannan ki mayar da saitin Chrome yadda ya zo, akwai maɓallin hakan a cikin saitinsa, kuma ba ya taɓa kalmomin sirri da shafukan da kika adana. In asusun Google ɗinki ɗaya ne da wata kwamfutar, ki duba can ma, don daidaita asusu kan kwaso ƙari daga wannan zuwa waccan.

Su kuma tallace-tallacen kusurwar allo, ina kyautata zaton ba manhaja ba ce ma. Wani shafi ne ya ce a danna Allow don a tabbatar mutum ne ba na'ura ba, aka danna, ya samu izinin turo sanarwa. Ki rubuta chrome://settings/content/notifications, ki ga jerin shafukan da aka ba izini, ki toshe duk wanda ba ki sani ba. Ki yi haka a Edge ma, wato burauzar da ke zuwa da Windows. Sannan ki danna dama a kan gunkin Chrome da ke allo, ki buɗe Properties, ki duba layin Target. Ya kamata ya ƙare da chrome.exe; in an jona adireshin wani shafi a bayansa, ki share adireshin.

A ƙarshe ki buɗe Windows Security ki sa binciken Microsoft Defender Offline. Zai sake kunna kwamfutar ya bincika ta kafin Windows ya gama tashi, lokacin da abin da ke ɓuya bai samu damar kare kansa ba, kuma yakan ɗauki kamar minti 15. A can ne kuma, ƙarƙashin App & browser control, za ki kunna toshe manhajojin da ba a so.

Ba na ɗaukar manhajar talla a matsayin ƙaramar damuwa. A 2015 an gano wata manhajar talla mai suna Superfish a wasu kwamfutocin Lenovo, wadda don ta cusa talla ta raunana tsaron shafukan da ake shiga da kalmar sirri. Ƙarin da ke iya sa talla a shafi yana iya karanta abin da ke shafin. Saboda haka in an gama, ki sauya kalmar sirrin imel da ta banki. In kuma wani saƙo ya cika allo yana cewa kwamfutarki ta kamu, ga lambar waya ki kira, kada ki kira. Saƙon Microsoft na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya.

In duk an yi wannan ya sake dawowa, to sai a yi Reset this PC a cikin Settings, wato sake ɗora Windows, a zaɓi a bar miki fayilolinki. Ko ma dai yaya ta kasance, ki buɗe wa yaran asusunsu daban marar ikon mai gudanarwa, ta yadda duk manhajar da za ta taɓa tsarin kwamfutar sai an nemi kalmar sirrinki.