Zan iya kwance kujerun bas ɗina in riƙa lodin buhuna?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina da Hiace mai cin mutum 18, ina jigila daga Kwangila zuwa Funtuwa, to yanzu fasinja ya yi wuya ga mai ya yi tsada, shi ne wani abokina ya ce in kwance kujerun baya in riƙa ɗauko masara daga Giwa, in bar layi ɗaya kawai saboda masu kaya su samu wurin zama. Akwai laifi a doka? Kuma 'yan Road Safety za su iya tsare ni? Daga wani direba a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Kwance kujera shi kaɗai ba shi ne zai ja maka ba, motarka ce, sufana ma taka ce. Inda gizo ke saƙar shi ne takardu. Lasisin motar da takardar lafiyarta da inshora duk an yanke su ne a kan cewa bas ce ta fasinja, to ranar da ɗan VIO ko ɗan KASTLEA (hukumar kula da dokokin hanya ta Jihar Kaduna) ya leƙa ya ga buhuna har rufi, takarda na faɗin wani abu mota na faɗin wani, kai ka ba shi ƙofa da hannunka. Ka fara zuwa ofishin lasisi ka ce kana so a mayar da ita motar kaya, jami'an duba lafiyar mota su duba ta, sannan ka sanar da kamfanin inshorarka. Wannan na ƙarshen mutane ke rainawa, alhali in tsautsayi ya faɗa suka gano ana wani aiki da motar daban da wanda aka rubuta, suna da hujjar da za su ja da biya.

Sai lissafin nauyi, wanda na tabbata abokin naka bai yi maka ba. Mutum 18, ka sa kowa kilo 65, bai kai kilo 1,200 ba. Buhun masara kilo 100 ne, kuma da zarar kujeru sun fita buhu 20 zai shiga cikin sauƙi har kana ganin da sauran wuri, ka ga tan 2 kenan a kan taya da birki da sifirin ɗin da ba don haka aka ƙera su ba. Duk mun sha ganin irinsu wajen Ɗan Magaji, gindin mota ya zauna kamar zai shari kwalta, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu. A jadawalin tarar Road Safety (FRSC) na dokarsu ta 2007 lodi fiye da kima naira 10,000 ne, tuƙin ganganci 50,000, kuma ba tarar ce mai zafin ba, a tsare motar ka yi asarar yini kaya na jiran kasuwa. In kuwa rai ya salwanta aka tabbatar da ganganci ne, wannan dokar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka shi ne layi ɗayan nan da za ka bari. Haɗa mutane da kaya wuri guda shi ne abin da Road Safety suka daɗe suna yaƙi da shi a hanyoyinmu na Arewa, kuma a nan gaskiya tana tare da su. Ka taka birki da ƙarfi saboda akuya ko ɗan acaɓa, motar za ta tsaya amma buhun ba zai tsaya ba, gaba zai yi, kuma abin da ke gabansa ƙeyar mai masarar ne, bayan shi kai. Don haka in dai kaya za ka yi, ka yi kaya zalla, ka kai wa mai walda ya sa maka shingen ƙarfe mai ƙwari a bayan kujerar direba, ka ɗaure lodi da igiya, buhu 10 zuwa 12 ya isa. Masu kaya su hau wata motar.

Kujerun kuma kar ka sayar wa 'yan gwangwan, ka ajiye su da notocinsu na asali a leda ɗaya, don in kaka ta wuce ka so komawa fasinja kar a ce za a ɗana maka benci na katako, shi ba bel ba kuma ba ya riƙe ƙasa.