Dalilin da ya sa muke bin makaranta wajen neman gida a Amurka

Yaya, ka tambaye ni wai tunda karatun boko kyauta ne a Amurka me ya sa mutanenmu na nan suke takura kansu a ƙaramin gida mai tsadar haya saboda makarantar yara. To kyautar gaskiya ce, a makarantar gwamnati daga aji na farko har aji 12 ba mai cewa ka biya kuɗin makaranta, har yaran da iyayensu ba su da takardun zama, Kotun Ƙoli ta yanke tun 1982 cewa ba a hana su shiga. Amma kuɗin tafiyar da makarantar ba daga aljihu ɗaya yake fitowa ba, kuma a nan maganar take.

Gwamnatin tarayya da kake ji a labarai ita ce mafi ƙarancin sa hannu, wajen kashi 10 cikin ɗari kawai, shi ma yawanci an ɗaure shi da wani aiki ne, tallafin makarantun da 'ya'yan talakawa suka yi yawa wanda aka fara da dokar 1965 zamanin Lyndon Johnson, da yara masu buƙata ta musamman, da abincin rana. Sauran kuwa jiha ce da ƙaramar hukuma suke raba shi kusan daidai, jiha daga harajin albashi da na saye da sayarwa, ita kuma ƙaramar hukumar, wato gundumar makarantu, daga harajin gidaje. Wannan harajin gidan fa shi ne komai wallahi, don gwargwadon darajar gidajen unguwa gwargwadon abin da za a tara, unguwar masu hali makarantarsu da ɗakin gwaje-gwaje da malamai masu albashi mai kyau da 'yan yara kaɗan a aji, ka tsallaka titi ɗaya ka shiga wata gunduma sai ka ga rufi yana yoyo kuma duk sunanta makarantar gwamnati. Kuma adireshinka ne yake yanke inda ɗanka zai je, ranar rajista sai ka kai takardar haya da takardar biyan wuta su tabbatar nan kake zaune.

Shi ya sa idan ɗan'uwa ya iso da iyali, tambayar farko da muke masa kafin ya sa hannu a haya ita ce wace gunduma ce. Gara mutum shida a ɗaki biyu a wuri mai makarantar kirki. Kuma kar ka ce ɗan haya ba ya biyan harajin nan, mai gida ya riga ya zuba shi cikin hayar.

Ni dai tsarin ba ya min daɗi ko kaɗan, yaro bai zaɓi unguwar da aka haife shi ba. A nan jihar Ohayo ma Kotun Ƙolin jiha ta ce tun 1997 dogaro da harajin gida ya yi yawa har ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, amma har yau gundumomi suna kawo ƙarin haraji a takardar zaɓe a ce eh ko a'a, in ya faɗi sai ka ji an rage motocin ɗaukar yara ko an sallami malamai. Don haka duk wanda ya samu zama ɗan ƙasa a cikinmu muna matsa masa ya fita wannan zaɓen, har da na kwamitin makarantu.

Islamiyya kam kuɗin gwamnati ba ya zuwa, mu iyaye muke haɗawa duk wata mu biya malamai, yara su je Asabar da Lahadi.