Ko ya halatta ka kira kiɗanka tekno?

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa kiɗa a kwamfuta, wasu kuma sun ce maka abin da kake yi ba tekno (salon kiɗan rawa da ake haɗawa da na'urorin lantarki) na asali ba ne, tunda ba ka da tsofaffin na'urori kuma ba ka taɓa taka Detroit, birnin Amurka da tekno ya samo asali, ba, shi ya sa kake tambaya ko ka cire sunan. Na daɗe ina sa faifai a ƙananan gidajen rawa, kuma ra'ayina shi ne masu sukarka sun kama reshe sun bar tushe.

Batun na'ura ba ya buƙatar dogon bayani. Na'urorin haɗa kiɗa TR-808 da TR-909 da TB-303 na kamfanin Roland, waɗanda ake yi wa kallon alfarma a yau, ba su yi kasuwa ba lokacin da suka fito a farkon shekarun 1980, kuma matasan Shikago da Detroit sun saye su ne saboda sun yi arha a hannun masu sayar da tsofaffin kaya. Wanda ya yi aiki da abin da aljihunsa ya iya saye, a kan hanyarsu yake.

Shi kuwa suna, galibi daga baya yake zuwa, kuma sau da yawa kasuwa ce ke raɗa shi. Kiɗan house ya samo sunansa daga kulob ɗin Warehouse na Shikago, inda Frankie Knuckles ya riƙa sa faifai tun 1977. Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, magabatan tekno na Detroit, sun shafe shekaru suna fitar da faya-fayai kafin sunan tekno ya zauna daram a 1988, lokacin da aka tattara ayyukan Detroit a faifai guda domin sayarwa a Birtaniya, aka kuma ga akwai buƙatar bambanta su da na Shikago. Saboda haka duk wanda ya ce maka akwai ƙa'idar tekno da aka gindaya tun ranar farko, tarihi bai goya masa baya ba.

Amma kada ka ɗauka cewa sunan ba shi da nauyi, domin a nan ne ainihin rigimar take. Na lura cewa duk lokacin da kuɗi ya shigo wani salo, sai suna ya canja ko kuma ma'anarsa ta koma hannun wasu. A tsakiyar shekarun 1990, kiɗan jungle na Landan, wanda ya tsiro daga al'adar reggae ta 'yan asalin Jamaika, ya fara amsa sunan drum and bass, kuma da yawa daga cikin masu shi sun ɗauki hakan a matsayin yunƙurin wanke shi daga baƙaƙen matasan da suka ƙirƙire shi. Dubstep ya taso a kudancin Landan, musamman Croydon, da bugu kusan 140 a minti da amon ƙasa mai nauyi da sarari mai yawa tsakanin sautuka, amma zuwa 2012, lokacin da makaɗin Amurka Skrillex ya lashe kyaututtukan Grammy uku, yawancin Amurkawa sun san sunan ne da wani kiɗa mai ƙara da hayaniya. Ban ga laifin Skrillex a kan yin abin da yake so ba. Abin da ya yi ciwo shi ne na farkon sun wayi gari suna yi wa baƙi bayanin cewa su ma dubstep suke yi. Haka kuma a 2024, da Jamus ta sanya al'adar tekno ta Berlin cikin jerin kayan gadonta, an ji ƙorafi daga masu ganin an mance da Detroit, alhali kulob ɗin Tresor da aka buɗe a Berlin a 1991 ya yi suna ne da baƙi daga Detroit irin su Jeff Mills da ƙungiyar Underground Resistance.

Don haka ni ba na auna asali da sauti kaɗai. Ina duba ko mutum ya san daga wa ya karɓa, ko yana ambatar su, ko yana sayen faya-fayansu, kuma idan shi ke shirya taro, ko yana gayyatarsu ya biya su yadda ya kamata. Na ji kiɗan da ya cika kowace siffa ta tekno amma mai shi bai san ko sunan mutum ɗaya daga Detroit ba, na kuma ji wanda ya saɓa wa siffofin amma kana saurare ka san mai shi ya sha karatu a gaban magabata.

Game da naka, idan bugunsa da tsarinsa na tekno ne, rubuta tekno, domin sunan ne zai kai shi ga masu nemansa a shafukan kiɗa irin su Bandcamp ko SoundCloud. Inda zan ja kunnenka shi ne sunayen da har yanzu suke manne da unguwanni da mutane rayayyu, kamar gqom na Durban a Afirka ta Kudu, ko singeli na Darussalam a Tanzaniya, ko footwork na Shikago wanda ba ya rabuwa da 'yan rawarsa. Idan ka aro wani abu daga cikinsu, rubuta a bayanin waƙar cewa ka yi aro daga wannan salo, ka ambaci waɗanda ka saurara, sannan ka tura wa ɗaya ko biyu daga cikinsu su ji kafin ka saki.